Riƙon Gado Ko Ganganci? Tsokaci A Kan Farautar Farkon Rani

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu tunani tuwo a ƙwarya. Shin mutum yana da hujjar ci gaba da sa ransa cikin haɗari saboda wata al'ada da ya tashi a cikinta, alhali ba ita ke ci da shi ba, kuma babu wanda ya tilasta masa? Idan ya ci gaba, me za mu kira shi, mai riƙon gado ko mai ganganci? Idan kuwa ya bari, mai hankali ne ko wanda ya yar da kayan gidansu?

Wannan tambaya tana tasowa duk shekara a zaurukan Anka da Gummi da Bukkuyum, a daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa. A wannan lokaci ne dattijon da ya shekara arba'in ko hamsin yana farauta yakan fara shafa wa gorarsa mai, yana duban karnukansa, 'ya'yansa kuma suna duban juna. Nufina a wannan maƙala shi ne mu auna maganar kowane ɓangare da adalci, sannan mu ga ko akwai ma'aunin da zai raba mana riƙon gado da ganganci.

Abin Da Ke Fitar Da Mutum Daji

Da farko ya kamata mu bambanta maharbi da mafarauci. Maharbi sana'arsa ke nan. Yakan shiga daji shi kaɗai ko da abokinsa, da kwari da baka ko bindigar toka, ya yi bago a mashaya, ya sayar da nama da fata, sau da yawa kuma ya haɗa da ba da magani. Mafarauci kuwa manomi ne, ko maƙeri, ko mahauci, wanda idan rani ya yi yakan bi ayari. Ana kaɗa gangar farauta, a sanar da rana da dajin da za a shiga, mutanen ƙauyuka su hallara da gora da adda da karnuka, a yi kirari, sarkin dawa ya ba da umurni, a jeru a kutsa. A kan wannan na biyun maganarmu ta fi karkata.

Duk wanda ya taɓa ganin dawowar ayarin farauta ya san cewa lissafin riba ba ya bayyana dalilin fitar. Mutum ya wuni yana tafiya cikin ƙaya da ƙishirwa, ya komo da zomo ɗaya, ko zabo, ko gafiya, wata rana ma hannu rabbana. Da ƙwadago ya yi a wunin nan da ya fi samu. To, me yake nema?

Abu na farko shi ne zumunci irin wanda wahala kaɗai ke ƙullawa. Na biyu shi ne sanin ƙasa: mafarauci ya san kowane ƙorama da fadama da tsauni tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, ya san inda ruwa ke saura a watan bazara, ya san sawun gada daga na barewa. Na uku shi ne gwajin kai, domin a daji babu mai tambayar ɗan wane ne kai. Na huɗu, wanda ya fi wuyar faɗi, shi ne farauta ita ce ke yanka masa shekara. Wani yakan ƙirga shekarunsa da damunan da ya noma, mafarauci kuwa da ranin da ya fita. Ranar da ya kasa fita, a ransa ranar ce tsufa ya kama shi.

Ba kuma raini ya dace da wannan al'ada ba. Tarihin Kano ya nuna Barbushe a matsayin ƙaƙƙarfan mafarauci, garuruwa da yawa a ƙasar Hausa kuma suna danganta kafuwarsu ga wani maharbi da ya fara yada zango a wurin. A nan Zamfara ma, Kassu Zurmi ya yi suna ne da kiɗan 'yan tauri da mafarauta. Abin da ya samu makaɗi irin wannan ba ƙaramin abu ba ne a zukatan jama'a.

Zaƙin Farkon Fita Da Haɗarinsa

Cikin dukan kwanakin farauta babu wanda ya kai na farkon rani jan hankali. An yi wata biyar ko shida ana fama da gona, ƙafa tana ƙaiƙayin daji. Namun daji sun ci sun yi ƙiba a damina, ba su kuma fara jin tsoron kare ba. Kowa yana son a ce ayarinsu ne ya buɗe shekara.

To amma fa a wannan lokacin ne daji ya fi ɓoye abin da ke cikinsa. Ciyawa ba ta kwanta ba, gamba ta fi tsawon mutum. Kasa tana kwance a ƙarƙashin ganye ba ta motsi sai an taka ta, kububuwa kuma saranta kan sa jini ya ƙi tsayawa. Mai jifa da gora ko mai harbi ba ya ganin wanda ke gabansa taku goma. Tsofaffin rijiyoyin kufai ciyawa ta rufe bakinsu. A ƙasar Anka da Bukkuyum kuma an samu ƙarin wani abu, wato ramukan da masu haƙar zinari suka tona suka bari, waɗanda babu su a cikin taswirar da tsoho ke riƙe da ita a ka. Idan kuwa aka ce a sa wuta don a buɗe wuri, ga dawa nan ba a gama yankewa ba, ga karan da makiyayi ke jira.

Saboda haka ne a al'ada manya ba su yarda a yi gaggawar fita. Ana jira a kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe ta kwanta, daji ya bayyana fuskarsa. Mu riƙe wannan batu da kyau, domin za mu komo kansa: jiran nan ba daga waje aka kawo wa farauta shi ba, a cikinta yake tun asali.

Masu Zamiya A Kan Kogin Ƙanƙara

Domin mu ga cewa wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan. A kan tsaunukan Alps na Turai, da wasu tsaunukan Amurka, akwai abin da za mu iya kira kogin ƙanƙara. Dusar ƙanƙara ce da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa tana dannuwa, har ta zama daskararren dutse mai kauri, wanda ke gangarowa a hankali kamar kogi, ta yadda ido ba ya ganin tafiyarsa. Saboda wannan motsi yakan tsattsage, wata tsagar zurfinta ya kai mita 30 ko fiye.

Akwai mutanen da al'adarsu ce tun suna samari su ɗaura wasu dogayen alluna a ƙafa, su hau waɗannan tsaunuka da ƙarfin gwiwarsu, nesa da wuraren wasan da aka gyara aka sa masu gadi, sannan su zamo ƙasa a guje. Wasunsu sun tsufa a kan haka, sun kuma koya wa 'ya'yansu. Su ma farkon lokaci ne ya fi jan su, wato wajen Oktoba da Nuwamba, sa'ad da sabuwar dusa ta fara sauka. Su ma kuma a nan haɗarin ya fi yawa, domin sabuwar dusar takan lulluɓe bakin tsaga da ɗan siririn rufi. A ido fili ne fari fat, a ƙasa kuwa rijiya ce. Sai can gaba, bayan dusa ta yi watanni tana taruwa, rufin ke yin ƙwarin da zai ɗauki mutum. Shi ya sa ƙwararrunsu ke ɗaure juna da igiya, suna tafiya da tazara a tsakani, na gaba yana soka sanda yana gwada ƙasa.

Ciyawa a nan, dusa a can, amma darasin ɗaya ne. Lokacin da zuciya ta fi ɗoki shi ne lokacin da ƙasa ta fi yaudara.

Su ma kuma ƙasarsu tana canjawa a ƙarƙashin ƙafarsu saboda ɗumamar yanayi. Masana a Suwizalan sun auna cewa kogunan ƙanƙarar ƙasar sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu a shekarun 2022 da 2023 kaɗai. A ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar tsaunin Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. A Bolibiya kuwa, ƙanƙarar Chacaltaya da aka daɗe ana zamiya a kanta ta ƙare ƙurmus a 2009. Hanyar da uba ya bi lafiya shekara talatin, yau ɗansa ba zai bi ta da ilimin uban kaɗai ba.

Hujjar Kowane Ɓangare

Mu komo gida. Idan 'ya'ya suka ce, “Baba, bana ku haƙura,” amsar tsoho sananniya ce. Zai ce kwana idan ya ƙare ko a kan gado mutum yake sai ya tafi. Zai ce babur ya kashe mutane fiye da farauta, amma ba a daina hawa ba. Zai ce shi bai san ranin da ya rage masa ba, don haka ba shi da wanda zai yar. Zai kuma ce duk abin da aka ajiye bana, baɗi ma za a ajiye, daga nan sai a wayi gari babu yaron da ya san sawun zomo.

Waɗannan maganganu suna da nauyi. Rayuwar da aka tace ta daga kowane irin haɗari ba ta haifar da jarumi ko ɗaya, kuma al'umma tana bukatar mutanen da ba su firgita da duhun daji. Gaskiya ne kuma al'adu da yawa ba a kashe su da gangan ba, ɗage su aka yi ta yi har aka manta.

Su kuma 'ya'yan suna da tasu. Za su ce imani da ƙaddara bai hana ɗaure raƙumi ba, kuma addini ya hana mutum kai kansa ga halaka. Za su ce babur bukata ce, farauta kuwa sha'awa ce. Malaman mazhabarmu ma sun yi wannan rarrabewa: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi a ƙasar nan, ta halatta farautar da ake yi don bukata, ta karhanta wadda ake yi don wasa kawai.

A nan sai mu yi hattara. Shin farautar da muka bayyana wasa ce kawai? A ganina abin da ke ƙulla zumunci, ya koyar da sanin ƙasa, ya hore wa saurayi juriya, ya wuce a kira shi wasa. To amma wannan kariya tana da sharaɗi. Idan darajar farauta tana cikin abin da take koyarwa ne, to duk fitar da ta saɓa wa wannan koyarwa ta fita daga inuwar kariyar. Mai fita kafin lokaci don a ce shi ya fara, wanda ya ƙi jin maganar manya, ya ƙi duban alamun daji, ba zai fake da sunan gado ba, domin gadon da kansa ya hana shi.

Dajin Bana Ba Na Bara Ba Ne

Har yanzu muna magana ne kamar daji yana nan yadda aka san shi. Ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne ya sa tambayar ta yi zafi a zamaninmu.

Canji na farko shi ne na namun dajin kansu. Gonaki sun ci daji, gatari da gawayi sun ci itace, bindiga ta yawaita. Manyan dabbobi irin su ɓauna da gwanki, waɗanda kirarin maharba ke ambata, yawancin samarin yau a kirarin kaɗai suka san su. Tun a 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, amma doka a takarda ba ta mayar da abin da ya tafi.

Canji na biyu ya fi muni. Tun wajen 2011 matsalar 'yan bindiga ta fara kama Zamfara, har dazuzzuka irin su Gando da Sunke da Bagega suka shiga bakin duniya a matsayin maɓoyarsu. A watan Janairun 2022 an kai hare-hare a kan ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, wasu dubbai suka bar gidajensu. Manomi ma da ke da hujjar yunwa yakan yi tunani biyu kafin ya je gona mai nisa, balle mai neman zomo.

Canji na uku shi ne yadda ake kallon mafarauci. A da, mutum da kare da bindigar toka a kafaɗa sananne ne, ana ba shi ruwa a kowace ruga. Yau tsoro ya sa kowane mai makami abin zargi ne. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare wasu mafarauta 'yan Jihar Kano da ke komowa gida daga Fatakwal don yin Ƙaramar Salla, aka ga bindigoginsu na farauta, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma laifin yana wuyan waɗanda suka aikata shi. Amma ya nuna mana cewa alamar da a da take buɗe wa mafarauci ƙofa, yau tana iya jawo masa ajali.

Ga kuma inda gardamar tsoho ta fi rauni. Ƙarfinsa duka a kan sani yake: ya san maciji, ya san iska, ya san rami. Wannan sani shi ne ke mayar da haɗari ya zama abin da za a iya aunawa. Amma babu gwanintar bin sawu da ke kare mutum daga wanda ya yi masa kwanton ɓauna da bindiga mai sarrafa kanta. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Wanda ya shiga dajin bana da ilimin shekara talatin da suka wuce, sabo ne ke jan sa, sabo kuwa an ce turken wawa ne.

Mene Ne Ainihin Abin Da Aka Gada?

A nan nake ganin bakin zaren yake. Mukan ɗauka cewa al'ada ita ce maimaita aiki a ranar da aka saba. Amma wanda ya koyi farauta a hannun gwani ya san cewa rabin karatun hani ne: kada ka shiga nan, kada ka bi dabbar da ta ji rauni cikin duhuwa, kada ka sa wuta iska na kaɗawa gabas, idan karnuka suka ƙi gaba kai ma tsaya. Sarkin dawa na ƙwarai ba a auna shi da yawan naman da aka kashe a ƙarƙashinsa kaɗai, ana auna shi da cewa ya fita da mutum ɗari ya komo da mutum ɗari. Saboda haka ranar da ya ce yau ba a fita, aikin sarautarsa yake yi, daidai da ranar da ya ce a kutsa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Sauran tsoron da ya rage shi ne na cewa abin da aka dakatar ya mutu. Masu zamiyar nan suna da labarin da zai amfane mu. A 1943 sojojin Suwizalan suka fara wata gasa ta ƙetare kogunan ƙanƙara daga Zermatt zuwa Verbier, mutum uku-uku a kowace ƙungiya. A 1949 wata ƙungiya ta faɗa cikin tsaga, duka ukun suka mutu, hukuma ta hana gasar. Ba a sake yin ta ba sai a 1984, wato bayan shekara 35, da sababbin matakan tsaro, ta kuma zama ɗaya daga cikin manyan gasannin irinta a duniya. Abin da ya raya ta a tsawon wannan lokaci shi ne mutanen da suka riƙe iliminta da ƙaunarta. Al'ada tana mutuwa ne idan masu saninta suka ƙare ba su koyar ba. Tsohon da ya tafi da iliminsa cikin dajin da ya san ba shi da tabbas, ya fi wanda ya zauna gida kusa da kashe gadon.

Ba a nan maganar ta tsaya ba, domin akwai waɗanda ke shiga daji yau ba don sha'awa ba. Maharba da mafarauta da yawa sun shiga aikin tsaron garuruwansu, kuma a Janairun 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara don irin wannan aiki. Wanda ya sa ransa a gaba don kare ƙauye bisa doka, hukuncinsa daban ne da na mai neman suna. Haka nan talakan da ɗan abin da ya kamo shi ne miyar gidansa. Ma'aunin dai shi ne a dubi abin da ake saye da haɗarin, a ga ko ya kai kuɗinsa.

Ran Wa Ake Sa Wa A Caca?

Mai farauta yakan ce, “Raina ne.” Wannan magana rabinta gaskiya ce. Mutanen wannan yanki sun ga yadda haɗarin da magidanci ya ɗauka ke bin sa har cikin gida. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Duwatsun zinari ne ake kawowa gida ana niƙawa, ƙurar tana shiga cikin yara. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. Iyayen nan neman halali suka fita, ba su kuma san abin da ke cikin dutsen ba, don haka ba a zarge su. Amma bayan an sani, hukunci ya canja. Wanda ya sake kawo dutsen tsakar gida ba zai ce bai sani ba.

Haka farauta take a yau. Idan aka sace mafarauci, gonar gado ce za a sayar a biya fansa, matarsa da 'ya'yansa ne za su yi bara. Idan ya ɓace, wasu ne za su shiga nemansa. Mafi nauyi duka shi ne samarin da ke bin sa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba ya auna haɗari, fuskar babba yake dubawa. Idan ya ga tsoho ya shiga, shi ma ya shiga. Masu zamiya suna ɗaure juna da igiyar da ake gani, mu kuwa tamu igiyar ba a ganinta, amma tana nan: wanda ya faɗa ba shi kaɗai yake faɗawa ba.

Don haka ga tambayoyi uku da nake ganin za su raba riƙon gado da ganganci. Shin ilimin da na gada yana iya auna haɗarin da ke gabana yau? Shin abin da zan samo ya kai abin da zan iya rasawa? Shin waɗanda za su biya tare da ni sun yarda? Wanda ya amsa ukun nan da i, ya fita, Allah ya kiyaye hanya. Wanda ya kasa amsa ɗaya, ya jira, ko ya taƙaita ga fadamun kusa da gari inda ido ke ganin ido.

Nauyin Da Ke Kanmu Marubuta

'Yan'uwa marubuta, muna da hannu a cikin wannan al'amari. Jarumin littattafanmu kullum shi ne wanda aka ce kada ya shiga ya shiga, ya kuma fito da nasara. Mai cewa a dakata kuwa mukan ba shi rigar matsoraci ko ta munafuki. Yaran da ke karanta mu suna ɗaukar wannan darasi. Ya kamata mu gwada rubuta jarumin da ya kai bakin daji da ayari a bayansa, ganga na tashi, samari na kirari, ya dubi alamu ya ce a koma, ya kuma haɗiye gorin da zai biyo baya. Duk wanda ya san halin maza ya san wannan ya fi shiga wuya.

Nauyi na biyu shi ne na adanawa. Tsofaffin maharban Anka da Gummi da Bukkuyum suna ɗauke da sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye, da dokokin rabon nama, da hanyoyin gane ruwa da iska, waɗanda ba su cikin kowane ƙamus. Da yawansu yau suna zaune a cikin gari saboda gudun hijira, ba su da abin yi sai tuna baya. Marubucin da ya zauna gabansu da alƙalami, cikin ladabi, ya yi wa farauta hidimar da ta fi kashe gada goma.

Kammalawa

A taƙaice, tsufan al'ada ba ya zama hujjar ci gaba da ita ko ta halin ƙaƙa, haɗarin da ke cikinta kuma ba ya zama hujjar yar da ita. Abin da iyaye suka bar wa mafarauci shi ne ido mai karanta daji da zuciya mai iya jira, gora da kare kuwa kayan aiki ne. Wanda ya riƙe waɗannan biyun yana cikin gado ko da ya shekara goma bai fita ba, kuma shi ne zai iya mayar da 'ya'yansa daji ranar da Allah ya kawo zaman lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Fili a buɗe yake ga duk mai wata fahimta, musamman ma 'yan'uwanmu da suka fito daga gidajen farauta, su ɗauki alƙalami su mayar da martani a fitowa ta gaba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, amin.